Taken Sarkin Fawa a Birnin Landan

Zangona na farko a ƙasar Ingila shi ne Dagenham, a wani gida mai hawa biyu da ke bayan tashar jirgi. Tun ina gida wani dillali ya turo mini hoton ɗaki mai faɗi, da tebur, da taga mai kallon lambu. Da na iso da akwatina sai aka nuna mini wani lungu a ƙarƙashin rufi, wanda idan na miƙe tsaye kaina yakan taɓa katako. Na kira dillalin sau uku, ba a ɗaga ba. A karo na huɗu wata murya ta shaida mini da Turanci cewa babu wannan lamba.

Ina tsaye a bakin lungun sai wani mutum ya leƙo daga ɗakin da ke kusa, da abin sauraron kiɗa rataye a wuyansa.

"Malam, kai ma an yi maka, ko? Hoton nan na ɗakina ne. Kai ne na uku da aka tura wa." Ya yi dariya, ya miƙo mini hannu. "Sunana Kabiru, amma a nan KB ake ce mini. Ka yi relax kawai, za ka saba."

Shi ya ara mini bargo, ya dafa mini shayi, washegari kuma ya koya mini yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da rana yana tuƙa motar kai kaya, a ƙarshen mako kuma yana saka kiɗa a bukukuwan 'yan Najeriya. Da ya ji yadda nake magana sai ya laƙaba mini Farfesa. Na faɗi alherinsa tun yanzu ne domin kada abin da ya biyo baya ya shafe shi.

Sunana Mansur. Na yi digirina na farko a fannin Hausa, kuma kundin da na rubuta a kan kiɗan mahauta ne. Saboda shi na yi wata takwas ina bin Baba Tanko, makaɗin kalangun mahautan garinmu, ina naɗar abin da yake kaɗawa. Mafi yawansa take ne. Take gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ɗaya, wanda da zarar ya ji shi ya san da shi ake, ko da yana can ƙarshen kasuwa. Ranar da na gama naɗa, Baba Tanko ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗan boko, ka saurara, ka rubuta, ka koya wa ɗalibanka. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan da mai shi. Ba a kaɗa taken mutum inda ba ya nan. Wanda ya rasu kuwa, takensa ya kwanta ke nan, sai ranar da ɗansa ya ce a tashe shi." Na ce na ji, na kuma ɗauki amana. Da wannan amana a cikin kwamfutata na sauka Landan, domin karatun digiri na biyu a kan fasahar sauti.

Zangona na biyu shi ne makarantarmu da ke Aldwych, tafiyar kusan awa guda daga lunguna. Watannin farko sun yi mini nauyi. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. A cikin jirgi mutum ɗari za su zauna gwiwa da gwiwa ba wanda zai ce wa wani sannu. Wata rana na gaida wani dattijo da ke kusa da ni, sai ya dube ni, ya janyo jakarsa jikinsa. Daga nan na koyi yin shiru. Nakan toshe kunnuwana da kiɗan Baba Tanko, kuma a gaskiya ba kiɗan nake bi ba, abin da ke bayansa nake nema: sarar gatari a kan ƙashi, da kukan akuya, da muryar wata mai fura da ta riƙa gilmawa tana talla. Sau da yawa na wuce tashar da zan sauka.

A ɗakin gwajin sauti na makarantar ne na haɗu da manhajar da ta zama sanadin wannan labari. Aikinta shi ne taimaka wa mai tsara kiɗa idan dabara ta ƙare masa. Ana ɗura mata kiɗe-kiɗe masu yawa, ta nazarci yadda sauti ke bin sauti, sa'an nan idan an nema ta fitar da 'yan gutsattsarin kiɗa na daƙiƙa goma ko ashirin. Mai tsarawa ya saurara, ya zubar da tara, ya ɗauki ɗaya ya gina a kansa. Na ga abokan karatuna sun shigo da fuska a murtuke, sun fita suna kaɗa kai. Ni kuwa da na nemi ta ba ni kiɗan Hausa, abin da ta fitar ya yi kama da wanda ake sakawa a zauren otal.

Malamar da ke duba aikina, Dakta Miriam, mace ce mai ƙarancin magana. Ta ce mini: "Ba ta san abin da ba ta taɓa ji ba. Kana da naɗaɗɗen kiɗa na gida?"

Na ce ina da shi. Kwana biyu ina juya maganar. Na shawo kaina da cewa kwamfutar ɗakin gwaji ba taro ba ce, ba kasuwa ba ce, kuma ba wanda ake kira a cikinta. A rana ta uku na ɗura mata duk abin da Baba Tanko ya ba ni. Ban kira shi na tambaye shi ba, domin na san amsar da zai ba ni.

Abin da ya fito ya girgiza ni. Kalangu ne sosai, da lanƙwasarsa da numfashinsa. Akwai wani gutsure guda da na fi so, mai buɗewa da nauyi kamar takun babban mutum, sa'an nan ya gangara da sauri. Na adana shi, na saka shi a wayata, ina ji ina ƙarawa. Dakta Miriam ta ce a kansa zan gina kundina.

Zangona na uku Lewisham ne. Neman kuka da daddawa ya kai ni wata Asabar, na shiga wani shagon nama a babban titi. Mai shagon dattijo ne fari tas a gemu, ana ce masa Alhaji Isufu, haifaffen zangon Kumasi a ƙasar Gana. Da na yi masa sallama na gaishe shi yadda ake gaida manya, sai ya ajiye wuƙa ya ƙare mini kallo.

"Kai, ɗan Najeriya, wa ya bar ka ka rame haka? Wuce ciki. Mata na ya dafa tuwo."

Hausarsa ta zango ce, ba irin wadda na karanta ba, amma ban taɓa jin Hausa mai daɗinta ba a wannan shekara. Tun daga ranar kowace Asabar da azahar ina bayan shagonsa, a kan wani benci tsakanin firji biyu, da kwanon tuwo a gabana. Ya gaya mini mahaifinsa mahauci ne, kakansa ma haka, kuma mahaifin yana da take a Kumasi. Shi kuwa ya baro gida yana saurayi, kafin wani makaɗi ya yi masa nasa. "Shekara arba'in ina yanka nama a nan," in ji shi, "ba kalangu, sai kukan firji."

Saboda haka na yi zaton zan faranta masa rai ranar da na kunna masa gutsuren nan. Yana cikin gyara cinyar rago. Da kiɗan ya fara sai hannunsa ya tsaya cak. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya juyo.

"Wa ake kira?"

Na ce: "Ba kowa, Alhaji. Na'ura ce ta ƙirƙira."

"A'a. Wannan farkon, sunan mutum ne. Babban mutum ma. Na'ura ya san shi?"

Na yi masa bayanin yadda manhajar ke aiki, da tsari da hujja, kamar ina gaban malamai. Ya bar ni na gama, ya ce, "To," ya koma kan cinyar ragonsa. A hanyar komawa na sake saurara da kunnen da ya ara mini, sai na gane. Rabin farko na gutsuren taken marigayi Sarkin Fawa Audu ne, ɗungurungum, ba abin da ya canja. Manhajar ta ɗauko shi ta manna masa wutsiya. Sarkin Fawa Audu ya shekara bakwai da rasuwa, kuma ɗansa Haruna, wanda ya gaje shi, bai taɓa cewa a tashi taken ba. Na yi niyyar cire shi ranar Litinin. Litinin ta zo, aiki ya yi yawa, na ce sai wani mako.

Ban san cewa Kabiru ya riga ya kwafe shi ba. Na taɓa ba shi aron kwamfutata domin ya cike wata takarda, ashe ya ji kiɗan ta bango, ya neme shi, ya ɗauka. Ya ɗora masa ganguna na zamani, ya saka shi a wani bikin suna, aka ɗauki bidiyon mata da maza suna rawa a ƙarƙashin fitilu masu launi, ya watsa a intanet da sunansa. Kafin mako biyu bidiyon ya isa garinmu.

Ina saukowa daga bas a Aldwych da safe, ana yayyafi, sai wayata ta yi ƙara. Lambar 'yar Baba Tanko ce, amma muryarsa ce. Bai amsa gaisuwata ba.

"Mansur, Haruna ya je Landan ne?"

"A'a, Baba."

"To wa ya tashi taken Audu?"

Na tsaya a gefen titi, mutane suna bangaje ni suna wucewa. Na fara cewa wata na'ura ce, sai ya katse ni.

"Na'ura ce ta zauna a zaurena wata takwas? Na'ura na riƙe wa hannu?" Bai jira amsata ba. "Jiya Haruna ya aiko. Ya ce na sayar da ubansa ga 'yan rawa. Ya ce kada in ƙara rataya kalangu a mahauta. Shekara hamsin, Mansur." Ya kashe wayar.

Da yamma na sami Kabiru a kicin yana soya ƙwai. Na ce ya sauke bidiyon.

"Haba, Farfesa! Beat ne fa kawai. Computer ce ta yi generating, ba tsohon ba. Ka san mutum nawa suka yi sharing? An yi booking ɗina har wata uku saboda shi."

"Sunan mamaci ne kake sa mutane suna takawa."

"Wa ya san shi a nan? In sirri ne, me ya kai shi cikin computer?"

Tambayarsa ta ƙarshe daidai take. Shi ya ɗauki abin da ba nasa ba, amma ni na fitar da shi daga inda aka ce in ajiye.

Washegari na je ofishin Dakta Miriam na ce ina so a goge duk abin da na ɗura wa manhajar, da duk abin da ta koya daga gare shi. Ta buɗe fayil ta nuna mini takardar izini da Baba Tanko ya dangwala wa yatsa tun ina digirin farko. Na ce takardar ta ba ni izinin saurare da nazari, amma akwai sharaɗin da ya faɗa da baki, wanda bai shiga takarda ba. Na bayyana mata mene ne take. Ta tambaya ko za a iya cire na marigayin kaɗai a bar sauran. Na ce sauran ma da masu su, suna raye, suna kasuwa, kuma ba wanda zai iya tabbatar mini cewa gobe manhajar ba za ta kira ɗayansu ba.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ka san wata huɗu suka rage maka, kuma ba ka da abin da za ka fara da shi?"

Na ce na sani.

Ta tashi ta raka ni ɗakin gwaji, ta zauna kusa da ni har aka gama gogewa. Aikin wata biyar bai ɗauki minti uku ba.

Ranar Asabar na kasa cin tuwo. Alhaji Isufu ya matsa mini har na ba shi labari duka, ban rage laifina ba. Bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya share hannu ya ce in ba shi lambar Kabiru, nan take ya kira shi.

"Kai ne KB mai kiɗa? Ni Isufu ne, mai nama na Lewisham. Bikin da za ka yi wa mutanenmu a ƙarshen wata, wa kake tsammani yana kawo rago? To ka ji. Duk bikin da kai za ka yi kiɗa, ni ba na yanka. Zan gaya wa matan dalili, su za su zaɓa, ko nama ko kai."

Kafin la'asar bidiyon ya sauka. Kabiru ya yi wata guda ba ya amsa sallamata.

Sa'an nan Alhaji ya ce in nemo masa Sarkin Fawa Haruna. Na samo lambar daga wurin yayana. Suka gaisa gaisuwar mahauta, ya tambayi kasuwa, ya tambayi shanu, ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Har Haruna ya yi dariya da ya ji cewa a Landan rago yakan iso shago ba kai ba ƙafa. Daga nan Alhaji ya sauke murya.

"Sarki, tsohon bai sayar da kowa ba. Mai laifi yana gabana, ya rame kamar kaza. Ga shi."

Ya miƙo mini wayar. Na durƙusa a tsakanin firji biyu, ko da yake Haruna ba ya ganina, na ce: "Ranka ya daɗe, ni ne Mansur. Baba Tanko ya gindaya mini sharaɗi, ni na karya. Ba shi da masaniya."

Haruna ya ce: "Ka san inda na fara jin abin nan? A ɗakin mahaifiyata. Jikarta ce ta kunna a waya. Tsohuwa ta miƙe tana gyara lulluɓi, ta nufi ƙofa don tarbar mijinta. Kwana biyu ba ta ci abinci ba."

Daga nan ya ce yayana ya raka Baba Tanko gidansu da goro, a gaida tsohuwa, magana ta wuce. Aka yi haka. Ranar kasuwa ta gaba Baba Tanko ya rataya kalangunsa a mahauta.

Amma ni bai kira ni ba, in na kira kuma 'yarsa takan ce ya fita. Mako biyar ina zuwa ɗakin gwaji ina zama gaban manhajar da ba ta san komai ba. Na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifina cewa zan dawo hannu wofi.

Wata safiya ina cikin jirgi sai saƙon murya ya shigo. Kalangu ne, na minti shida, a sake, ba tsari, ana ja ana saki. A ƙarshe muryarsa ta ce: "Wannan gwajin fata ne, abin da nake yi kowace safiya kafin in fita. Ba na kowa ba ne. Ba wa injin naka ya ci."

Kullum sai ya aiko. Na riƙa ɗura wa manhajar, ita kuma ta fara fitar da gutsattsarinta. A wannan karo ban ajiye ko ɗaya ba sai na tura masa ya ji. Hukuncinsa gajere ne. "Wannan gurgu ne." "Wannan ya cika surutu." "Wannan ya kusa da na Ɗanjuma mai tsire, zubar." Wani lokaci kuma yakan ce: "Af! Ban taɓa juya hannu ta nan ba," sai washegari in ji ya shigar da juyin a cikin gwajinsa, ya gyara shi ya zama nasa. A kan wannan kai da kawowa na rubuta kundina, da labarin kuskurena a babi na farko, kamar yadda Dakta Miriam ta ba ni shawara.

Akwai gutsure ɗaya da bai ce komai a kansa ba har kwana uku. A na huɗu ya kira ni da kansa, karo na farko tun ranar yayyafin nan.

"Ɗan boko, na ashirin da bakwai ɗin nan. Na bi shi gaba da baya, bai taɓa na kowa ba. Gindinsa yana da kyau, wutsiyar ce ta yi tsawo, na datse. Amma ya riga ya zama take, kuma ba na barin take yana yawo babu mai shi. Mahaucin nan da ya yi magana da Haruna, yana da nasa?"

"Ba shi da shi, Baba."

"Ɗan wa ne?"

"Isufu ɗan Mamman, na zangon Kumasi."

"To cire shi daga injin. Gobe zan aiko."

Na cire shi, kuma ba ya cikin kundina. Ranar Asabar na isa Lewisham da azahar, shago cike da masu sayayya. Alhaji yana bayan kanta yana sara haƙarƙari, yana faɗa da wata mata a kan kitse. Ban wuce zuwa benci ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na ɗaga wayata, na ƙure sauti.

Kalangun Baba Tanko ya cika shagon. Gatarin ya tsaya a sama. Alhaji ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace, sa'an nan ya dube ni da tuhuma.

"Kai, ɗan Najeriya, ba ka daddara ba? Wa ake kira kuma?"

"Kai ne, Alhaji. Baba Tanko ya ce naka ne."

Ya ajiye gatarin a hankali. Ya goge hannuwansa a jikin rigar aiki, gaba da baya, ya gyara zaman hularsa. Ya zagayo kanta ya fito tsakiyar shago, masu sayayya suna matsa masa.

"Sake," in ji shi.

Na sake kunnawa. Da kiɗan ya kai inda Baba Tanko ya datse, Alhaji Isufu ya ɗaga hannun dama sama, ya amsa da ƙarfi har na kan titi suka waiwayo:

"Na'am!"